Zauren Uwargida: Yini Ɗaya da Yara a Tsohuwar Alƙahira

   

Wannan watan maganar tawa da ke ce, 'yar uwar da aure ya kai ki wata ƙasa, ko mijinki ɗalibi ne, ko ma'aikacin ofishin jakadanci, ko ɗan kasuwa. Ke ma da kike gida kada ki buɗe gaba, akwai rabonki a ciki. A nan Alƙahira inda nake zaune, maigida yana karatunsa a Azhar, na san mata 'yan uwanmu da suka shekara huɗu, biyar, har shida, amma in kin cire hanyar asibiti, da kasuwar kayan miya, da ofishin sabunta takardar zama, da filin jirgi, ba su san ko'ina ba. Mace ta koma gida a tambaye ta ya Masar, ta ce akwai sanyi, akwai cunkoso, tumatir da araha. Shi ke nan abin da ta samo daga ƙasar da Annabi Yusuf ya riƙe taskokinta, ƙasar da aka sa Annabi Musa a koginta yana jariri. Ita kanta ta yi asara, amma ta yaran ta fi, domin su ne suke tashi a bene hawa na biyar, ba tsakar gida, ba dandali, ba kaka mai tatsuniya, sai waya da talabijin.

Saboda haka bari in ba ki labarin fitar da muka yi ranar wata Asabar a hutun rabin shekara, ƙarshen watan Janairu, ni da Baban yara da yaranmu huɗu: babbar tana da shekara 11, mai bi mata namiji yana da 8, sai mai 5, sai na goye.

Abu na farko da za ki ci karo da shi shi ne maigida. Ɗalibin da risala ta sha masa kai, kuɗin da ke shigo masa a ƙirge, in kika ce masa a je yawon buɗe ido, amsar da za ki samu kin san ta. Ba mugunta ba ce, lissafi yake yi. Ni ban ce masa yawo ba. Na zauna na rubuta wuraren a takarda, kowanne da abin da nake so yara su koya a cikinsa, kamar yadda aka koya mana tsara darasi a kwalejin ilimi, na ajiye masa kusa da shayinsa bayan isha'i. Kuɗin mota da na ƙofa kuwa wata biyu ina tsame su daga cefane. Ki sani mafi yawan masallatan da ake salla a cikinsu ba a biyan komai, sai ɗan abin da kika ba mai tsaron takalma. Gidan tarihi da Ƙal'a ne ake biya, kuma baƙo yana biyan ninkin abin da ɗan ƙasa yake biya sau da yawa, sai dai katin ɗalibi yana rage rabi, yaron da bai kai shekara shida ba kuma kyauta ne. A manyan wuraren yanzu da katin banki ake sayen tikiti, don haka kada ku tafi da tsabar kuɗi kaɗai. Ku riƙe takardunku na zama. Kowane yaro ki rubuta lambar babansa a takarda ki sa masa a aljihu, ki sa masa safa domin daɓen masallatan nan da hunturu kamar ƙanƙara yake, ki ɗauki leda ta zuba takalma. Lokaci kuma ki zaɓi sanyi. Da bazara zafin yakan kusa maki 40, a watannin Maris zuwa Mayu kuma akwai wata iska mai ƙura da suke kira hamasin, kamar hazon gida amma mai zafi.

Mun fito daga Madinatu Nasr ƙarfe bakwai da rabi, mun yi shatar mota zuwa Fusɗaɗ, wato tsohon garin da Musulmi suka fara kafawa a Masar. A nan masallacin Amru bin Asi yake, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya gina a shekara ta 21 bayan hijira, wajen 642 Miladiyya, zamanin halifancin Sayyidina Umar. Shi ne masallaci na farko a Masar. Da yawa suna cewa shi ne na farko a Afirka baki ɗaya, ko da yake mutanen Habasha ba su yarda ba, suna cewa ai sahabbai sun riga sun yi hijira wurinsu tun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana Makka. Wannan gardama na bar wa malamai.

Kafin mu shiga na tsayar da yara na gaya musu gaskiya: babu bulo ɗaya da ya rage daga ginin Amru. An rushe, an faɗaɗa, gobara ta ci, girgizar ƙasa ta taɓa shi, an sake ginawa. Girman da yake da shi a yau ya samo asali ne daga faɗaɗawar Abdullahi bin Ɗahir a shekarar 827. Na asalin kamu 50 ne a tsawo, 30 a faɗi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino da laka, ƙasansa tsakuwa. Sai na sa namijin ya taka ƙafa a farfajiya muka auna kimanin girman, ya juyo ya ce, Umma, ai masallacin unguwar su Hajiya ya fi shi girma. Na ce ƙwarai kuwa, amma malaman tarihi sun ruwaito cewa sahabbai kusan tamanin ne suka tsaya a kan saita alƙiblarsa, cikinsu har da Zubairu bin Awwam da Ubadatu bin Samit. Kin ga yaron da ya haddace sunayen nan a Islamiyya kamar jerin ƙidaya, yau ga shi tsaye inda suka tsaya. Na shekara goma sha ina koyar da sira a allo da alli, ban taɓa ganin fuskar ɗalibi ta yi irin yadda tasa ta yi ba. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana.

A bayan masallacin, tafiyar 'yan mintuna, akwai tsofaffin majami'un Kibɗawa da wani tsohon wurin bautar Yahudawa, da ragowar ganuwar Rumawa da rundunar Amru ta kewaye. Ba mu shiga ba saboda lokaci, amma na nuna musu, domin su san cewa Musulmi sun ci ƙasar nan shekara kusan dubu da ɗari huɗu ke nan, kuma majami'un suna tsaye, ana ibada a cikinsu har yau.

Yanzu ga ainihin abin da ya tayar da ni na shirya fitar nan. Babbar 'yata ta jima tana dawowa daga makaranta shiru. In mun fita, wasu yaran titi sukan bi ta da kiran shokolata saboda launin fatarta, wannan mun saba, mukan share. Amma wata rana wata 'yar ajinsu ta ce mata, ku kullum mu ke ba ku karatu, mu ke ba ku wurin zama, me kuka taɓa kawowa? Yarinyar nan ta daina son a ji ta tana Hausa da ni a cikin mota. In na yi mata magana sai ta amsa da Larabci ƙasa-ƙasa. Uwa ta san abin da wannan yake nufi. Faɗa ba ya gyara shi, cewa ki yi haƙuri ma ba ya gyara shi.

To a cikin masallacin Amru, muna zaune a gindin ginshiƙi, na sa babanta ya ba ta labarin da ni ma a wurinsa na fara ji. A shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dabalemi, alhazan Kanem da ke bi ta Masar suka tara kuɗi suka ba wani alƙali, Ibnu Rashiƙ, ya gina makarantar fiƙihun Malikiyya a nan Fusɗaɗ, suka riƙa aiko mata da kuɗi daga bakin tafkin Chadi. Maƙrizi, babban masanin tarihin Masar, ya rubuta labarinta. Ba za ki ga gininta a yau ba, amma sunanta yana cikin littattafansu. A Azhar kuma an daɗe da ware wa mutanen Barno ɓangarensu na kwana da karatu. Sannan wani malamin Katsina, Muhammadu bin Muhammadu Alfulani Alkashinawi, gwanin lissafi, a nan Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti. Shi kansa Imam Suyuɗi, mai rabin Jalalaini da ake fassara mana kowace azumi, ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasarmu, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Yarinya ta yi shiru tana sauraro, can sai ta ce, Abba, ka sake faɗa mini sunan Bakatsinen, ta ciro biro ta rubuta a tafin hannunta.

Na ƙara mata da cewa duk da haka ba a rama zagi da zagi. Hajara uwar Annabi Isma'ila 'yar Masar ce, Mariya uwar Ibrahim ɗan Manzon Allah 'yar Masar ce, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ya yi wasiyya a kyautata wa mutanen ƙasar saboda wannan zumunci. Kuma gaskiya masu kirkin sun fi yawa. A masallacin nan wata tsohuwa ta ga goyona da zani, ta taso ta riƙa zagaya ni tana mamakin yadda yaro bai faɗo ba, ƙarshe sai da na kwance na sake ɗaurawa a gabanta, ta cusa wa mai shekara biyar alewa a hannu tana yi mana addu'a.

Daga nan motar minti biyar ce zuwa sabon gidan tarihin wayewar Masar, a bakin tafkin Ainus Sira. A watan Afrilu na 2021 aka kwaso gawarwakin sarakunan Fir'aunawa 22, maza 18 mata 4, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir aka kawo su nan. Na san a nan wata za ta ɗaga gira ta ce, Malama, ki kai yara kallon gawar Fir'auna? Tambayar tana kan hanya, kuma ni ma sai da muka tattauna da maigida, shi kuma ya tambayi malaminsa. Ya inganta cewa da Manzon Allah ya bi ta Hijir, garin Samudawa, a hanyarsa ta Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai in suna masu kuka, ya rufe kansa ya hanzarta tafiya. A ɗaya gefen kuma Alƙur'ani ya yi ta umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, sannan aya ta 92 ta suratu Yunus ta yi bayanin tsirar da jikin Fir'auna domin ya zama izina ga na baya. Abin da muka fahimta shi ne niyya da yanayin shiga su ne abin lura. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta bari, babu wanda zai ce ta yi laifi. Mu mun shiga da manyan biyu, muka yi karɓa-karɓa da babansu, mai shekara biyar ta tsaya a sama. Ban ba da shawarar a shiga da ƙaramin yaro ba, domin ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, bangonsa baƙi, haske kaɗan, an hana ɗaukar hoto da ɗaga murya, kuma fuskokin a buɗe suke. Kwana uku za ki yi kina fama da firgita cikin dare.

Wani abu kuma da nake so ki kiyaye. Masu yi wa baƙi jagora sukan nuna gawa ɗaya su ce wannan shi ne Fir'aunan Annabi Musa, har su ce ga gishirin teku a jikinsa. Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba. Wasu masu bincike sun ce Ramsis na biyu ne, wasu sun ce ɗansa Marnabtah, wasu sun kai maganar ga wasu sarakunan daban. Gishirin kuwa, da wani irin kanwa suke busar da duk gawarwakinsu. Kada ki ɗora imanin ɗanki a kan maganar ɗan jagora, gobe ya karanta saɓaninta a littafi ya fara shakkar abin da ba shi da shakka. Ni abin da na ce musu a gaban Ramsis shi ne: wannan mutum ya yi mulki shekara 66, daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa an sassaƙa siffarsa a dutse mai tsawon bene, ga shi yau. Namijin ya leƙa gilashin ya ce, ashe ɗan siriri ne, ga gashinsa ma. Babbar ba ta ce komai ba, sai da muka hau sama ta tambaye ni ko su ma ana yi musu tambayar kabari tunda ba a binne suke ba. Na ce mata tambaya ba ta buƙatar rami, wanda ruwa ya ci da wanda wuta ta ci duk tana riskarsu. A babban ɗakin sama kuma akwai wani yanki na rigar Ka'aba, domin ɗaruruwan shekaru a Masar ake saƙa ta a kai Makka, har farkon shekarun 1960. Nan ne mai shekara biyar ta samu nata abin kallo.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi muka nufi Ƙarafa, babbar maƙabartar da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam. Gari ce guda, da tituna da gidaje, har rayayyu suna zaune a cikinta saboda tsadar haya. Tun 2020 an rushe wasu sassanta domin gina tituna da gadoji, abin da ya jawo koke daga masu kishin tarihi, don haka wadda take da niyyar gani kada ta yi ta jinkiri. Mun tsaya a ƙubbar Imam Shafi'i, wanda ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a masallacin Amru da muka baro, ya rasu a 204 bayan hijira, 820 Miladiyya. Sarki Alkamil ne ya gina ƙubbar a 1211, ta katako ce an lulluɓe ta da darma, da ɗan jirgin ruwa na ƙarfe a ƙololuwarta wanda yara suka fi ni saurin hangowa.

A ciki za ki ga abubuwa. Wasu suna shafar katakon da ya kewaye kabarin, wasu suna rubuta wa Imam wasiƙa da koke-kokensu suna turawa ta kafa. Yaro zai tambaye ki, kuma gara ki shirya amsa tun daga gida. Ni na ce musu mun zo mu yi sallama, mu roƙa masa rahama, mu tuna mutuwa, buƙata kuwa Allah kaɗai ake kai wa, kuma haka shi mai kabarin ya karantar. Na kuma hana su nuna kowa da yatsa ko yin dariya. Matar da ke kuka a jikin katakon nan ba mu san abin da ya koro ta daga gida ba. Maganar zuwan mata maƙabarta malamai sun yi saɓani a kai, kowacce ta bi abin da malaminta ya fahimtar da ita, kada mu mayar da shafin nan fagen faɗa.

Abin da ya fi taɓa ni a Ƙarafa shi ne yawan mutanen da muka taso da sunayensu a zaure, ashe 'yan ƙasar nan ne. Ibnul Ƙasim da Ashhabu, manyan almajiran Imam Malik. Shehu Halil mai Muhtasar. Mai Ishmawi da mai Iziyya da muka biya muna 'yan mata, su ma Misrawa ne. Sai kuma Warshu. Sunansa Usman bin Sa'id, ya je Madina ya yi karatu a wurin Nafi'u, ya dawo Masar ya rasu a 197 bayan hijira, kuma a maƙabartar nan yake kwance. Ruwayarsa ce alarammominmu suke rubutawa da tawada da alƙalamin kara daga Barno har Sakkwato. Ɗana da ruwayar Hafsu yake karatu a nan, kwanaki ya ji kakansa yana tilawa ta waya ya zo ya raɗa mini wai Alhaji yana kuskure. Ranar nan babansa ya nuna masa ɓangaren da kabarin yake ya ce, malamin karatun kakanka ga shi can, ɗan garin nan ne. Maganar kuskure ta mutu daga nan.

Kafin a fita yankin akwai masallacin Sayyida Nafisa, kuma ke uwar 'ya'ya mata kada ki wuce shi. Tattaɓa kunnen Sayyidina Hasan jikan Manzon Allah ce, an haife ta a Makka a 145, ta tashi a Madina, ta zo Masar a 193, ta rasu a azumin 208. Mutanen Masar suna yi mata laƙabi da Nafisar ilimi. Maza da mata suna ɗaukar karatu a wurinta, an kuma ruwaito cewa Imam Shafi'i yana zuwa gidanta, da ya rasu aka bi da gawarsa ta ƙofarta ta yi masa salla. Na ce wa 'yata, kin ga irin su Nana Asma'u 'yar Shehu ba daga sama suka faɗo ba, hanya ce tsohuwa. Nan muka yi azahar. Ɓangaren mata cunkoso ne, ki riƙe jakarki da hannun yaranki da kyau.

Yunwa ta fara magana. Mun taho da dambun nama da cincin daga gida, muka ƙara da kushari a wani shago, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, ɗan uwan garau-garau ne da ya yi boko. Akwai kuma ɗa'amiyya, ƙosai ne sak, sai dai da wakensu mai faɗi da ganye ake yi. Abin sha kuwa ya ba yara dariya: karkade ashe zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, dum kuma goruba ce aka jiƙa aka sa sukari. Mai shekara biyar ta ce wa mai shagon da Larabcinta wai a garinsu gwaguyarta ake yi.

Masallacin Ahmad bin Ɗulun shi ne wurin da zan ce in guda ɗaya tak za ki iya kai yara, ki kai su. An gina shi daga 876 zuwa 879, kuma shi ne mafi daɗewa a Masar da ya rage a kan siffarsa ta asali. Fili ne makeke, shiru, ba 'yan talla, ba mota, yaran bene suka samu wurin miƙe ƙafa. A ƙofa ana ɗaura miki wani ƙyalle a kan takalmi. Na ba manyan aikin nemo tagogi biyu masu zane iri ɗaya a cikin tagogi sama da 120, suka yi ta zagaye har suka gaji. A ƙarƙashin rufi kuma akwai ayoyin Alƙur'ani da aka sassaƙa a katako da rubutun Kufi, sun zagaye masallacin, ba ɗigo ba wasali, babbar ta yi ta ƙoƙarin gano surar. An taɓa barin masallacin ya zama kango, har wani Lajin ya ɓuya a cikinsa yana gudun a kashe shi, ya yi bakance in Allah ya tsirar da shi zai gyara, da ya zama sarki ya cika a 1296. Hasumiyarsa matakalarta ta waje take, tana naɗe da ita kamar rawani. Babansu ya hau da manyan biyu, ni na zauna a ƙasa da ƙanana, zuciyata a wuya har suka sauko.

Ina zaune a gindinta sai hasumiyar Gobarau ta faɗo mini a rai. Ke da kike Katsina, yaushe rabon da ki kai yaranki? Ke ta Kano, sun taɓa shiga Gidan Makama, sun hau Dala? Ta Daura ga Kusugu, ta Sakkwato ga Hubbare, ta Agadas ga masallacin da duniya ke zuwa gani. Ku ba ku buƙatar biza, ba ku biyan kuɗin baƙo.

Ƙal'ar Salahuddin muka bari ƙarshe, kuma mun isa da la'asar a gajiye, ga shi ana rufe ƙofa tun kafin magariba. Salahuddin Al'ayyubi ya fara gininta a 1176, kuma daga cikinta aka mulki Masar shekara kusan 700. Da namijin ya ji akwai Rijiyar Yusuf a ciki sai ya daka tsalle wai za a nuna masa inda 'yan uwan Annabi Yusuf suka jefa shi. Sai da na tuna masa cewa waccan rijiyar a ƙasar Kan'ana take, daga can ayari ya ɗauko shi ya kawo Masar. Wannan sunan Salahuddin ta ci, domin Yusuf ne sunansa na yanka, kuma an haƙa ta cikin dutse zurfin mita kusan 90, shanu ke juya na'urar jawo ruwan. Babban masallacin da ake gani a hotuna na Muhammadu Ali Basha ne, an fara shi a 1830, kyakkyawa ne amma cike da 'yan yawon buɗe ido, mun leƙa mun fito. Wanda na fi so shi ne na Sarki Nasir Muhammad bin Ƙalawun da ke gefensa, na 1318, kusan ba kowa a ciki. Wannan sarkin ne Mansa Musa na Mali ya hau Ƙal'a ya gana da shi a 1324 a hanyarsa ta hajji. Al'adar fadar a lokacin ita ce baƙo ya sumbaci ƙasa a gaban sarki, Mansa Musa ya turje, ƙarshe ya ce shi ga Allah da ya halicce shi zai yi sujada. Zinariyar da ya rabar a garin ta karya farashinta, har Al'umari da ya zo bayan shekara 12 ya tarar bai gama farfaɗowa ba. Daga ƙasar tasa ne Wangarawa suka zo Kano zamanin Sarki Yaji. Babbar 'yata ta ƙara suna na biyu a tafin hannunta.

Daga kan katangar ana hango masallacin Sarki Hasan a ƙasa, da hasumiyoyi ba iyaka, can nesa cikin ƙura kuma ga dalar Giza guda uku kamar an zana da toka. Muna tsaye mai shekara biyar ta kwanta a kan benci ta ce ita ba za ta ƙara taku ɗaya ba, na goye ya fara nasa. Wurare shida a yini ɗaya sai mai sammako da motar shata, in a motar haya za ku bi, uku sun ishe ku, ku raba sauran wata Asabar. Azhar da kasuwar Hanul Halili da ke cikin takardata dole muka bar su.

A mota kan hanyar komawa ƙananan suka yi barci. Babbar ta karɓi wayar babanta ta yi wa kakarta saƙon murya mai tsawon minti bakwai, da Hausa, da ƙarfi, direba yana ji, tana ba ta labarin Bakatsinen da ya rasu a Masar, tana tambayarta ko a unguwarsu yake. Hajiya ta amso da daddare cewa za ta tambayi liman.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo miki labarin Azhar, da amsar wasiƙun da suka taru a kan yaye da azumin mai shayarwa. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.